Hikimar Zagayen Ƙarshe a Wasan Karta: Yadda Ake Buga Agram na Nijar da Ulti na Hungariya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin ƙa'idojin wasannin karta guda biyu waɗanda suka bunƙasa a wurare masu nisa da juna, amma suka haɗu a kan tunani ɗaya, wato ɗora nasara a kan zagayen ƙarshe. Na farko shi ne Agram, wanda ake bugawa a Jamhuriyar Nijar. Na biyu kuwa Ulti ne, wasan da mutanen Hungariya suke ɗauka a matsayin wasan kartarsu na ƙasa. An bi kowane wasa daki-daki, tun daga yawan katuna da rabo, har zuwa dokokin bugu da lissafin maki, tare da misalan da mai karatu zai iya gwadawa da hannunsa. Haka kuma an gabatar da wasu kalmomin Hausa da za a iya amfani da su wajen bayyana irin waɗannan wasanni a rubuce. Maƙalar ta nuna cewa bambancin wasannin biyu ya ta'allaƙa ne ga yawan abin da ɗan wasa ya sani game da katunan da ba sa hannunsa.

Fitilun kalmomi: karta, Agram, Ulti, zagaye, dangi, tayi

1.0 Gabatarwa

Nazarin wasannin Hausawa ya daɗe yana mai da hankali ga dambe da kokawa da langa da dara da wasannin dandali da na tashe. Karta ba ta samu irin wannan kulawa ba, duk kuwa da cewa ta zama sananniya a majalisun matasa, daga unguwannin Kano da Zariya da Maraɗi har zuwa garuruwan karkara irin su Randagi a ƙasar Birnin Gwari. Dalilai biyu ne suka fi fitowa fili. Na farko, ana kallon ta a matsayin baƙuwar al'ada. Na biyu, sunanta ya haɗu da na caca, wadda Musulunci ya haramta kuma Bahaushe yake ƙyama, har ya zama kiran mutum "ɗan karta" ba yabo ba ne.

Sai dai tsarin wasa daban, sa kuɗi a kansa daban. Ana iya yin caca a kan dara ko ƙwallon ƙafa, kuma wannan bai hana a yi nazarin ƙa'idojinsu ba. Hukuncin wasan karta idan babu kuɗi a ciki magana ce ta malaman fiƙihu. Abin da ya shafi manazarcin harshe da al'ada shi ne yadda wasan yake tafiya, da kalmomin da ake amfani da su a cikinsa, da irin tunanin da yake koyarwa. Ƙa'idojin wasa a baki suke rayuwa, kuma idan majalisa ta watse sukan tafi tare da ita. Yankuna irin na Birnin Gwari, inda shekarun rashin tsaro suka raba mutane da dama da garuruwansu, sun nuna yadda irin wannan ilimi na baka yake da saurin salwanta.

2.0 Asalin Karta da Manyan Rabe-rabenta

Karta ta shiga Turai a wajejen shekarun 1370, kuma masana tarihin wasanni sun danganta shigar tata da daular Mamluk ta Masar. Akwai tsofaffin katunan Mamluk da aka adana a fadar Topkapi ta birnin Istanbul, masu ɗauke da alamomi huɗu: kofi da tsabar kuɗi da takobi da sandar wasan doki. Daga nan kowace ƙasar Turai ta sauya alamomin zuwa yadda ya dace da ita. Kalmar Hausa "karta" da ta Hungariya *kártya* duk suna komawa ga tsohuwar kalmar Latin *charta*, mai nufin takarda.

Ta fuskar manufa, ana iya raba wasannin karta zuwa rukunoni da dama, amma biyu ne suka shafi wannan bayani. Rukuni na farko shi ne na zubarwa, inda burin ɗan wasa shi ne ya riga kowa ƙarar da katunan hannunsa. Whot, wanda William Henry Storey ya ƙirƙira a Ingila a shekarar 1935 kuma ya samu karɓuwa ƙwarai a Nijeriya, yana cikin wannan rukuni. Rukuni na biyu shi ne na cin zagaye, inda kowane ɗan wasa yake jefa kati ɗaya, sannan wanda katinsa ya fi ƙarfi ya kwashe duka. A nan kowa yana ƙarar da katunansa lokaci ɗaya, saboda haka tambayar ita ce wa ya ci wane zagaye. Agram da Ulti duk 'yan wannan rukuni ne.

3.0 Kalmomin Aiki

Domin sauƙin bayani, an yi amfani da waɗannan kalmomi a cikin maƙalar:

- Dangi: rukunin katunan da suke da alama iri ɗaya.
- Zagaye: jefa kati ɗaya daga kowane ɗan wasa, bi da bi.
- Buɗewa: jefa katin farko a zagaye, wanda shi ne yake ƙayyade dangin da za a bi.
- Dangi mai rinjaye: dangin da aka ɗaukaka a wasa, ta yadda ƙaramin katinsa yake doke babban katin kowane dangi.
- Tayi: furta abin da ɗan wasa yake ganin zai iya cimma, kamar yadda ake taya kaya a kasuwa.
- Alkawari: tayin da ya tabbata bayan kowa ya janye.
- Ajiya: katunan da aka kife a gefe.

Dangogin kartar da aka saba gani a kasuwannin Afirka ta Yamma huɗu ne, biyu jajaye biyu baƙaƙe. A nan an kira su da siffofinsu: zuciya da lu'ulu'u su ne jajaye, mashi da fure su ne baƙaƙe.

4.0 Agram

4.1 Katuna da Rabo

Ana buga Agram da katuna 35 da aka ware daga kartar nan mai katuna 52. Da farko ana cire duk masu hoton mutum, wato masu haruffan K da Q da J, sannan a cire masu lamba 2. Abin da ya rage shi ne katuna 9 a kowane dangi, jimilla 36. Daga nan sai a cire A na mashi, a bar 35. Darajar katunan daga sama zuwa ƙasa ita ce A, 10, 9, 8, 7, 6, 5, 4, 3. Tun da an cire A na mashi, 10 ne shugaba a wannan dangi.

Mutum biyu zuwa biyar suke bugawa. Bayan an gauraya katunan, mai rabo yakan ba kowa shida, uku-uku sau biyu. Sauran katunan ana kife su, ba a taɓa su har wasa ya ƙare.

4.2 Dokokin Bugu

Wanda yake bin mai rabo shi yake buɗe zagayen farko da duk katin da ya ga dama. Wajibi ne sauran su bi dangin da aka buɗe da shi idan suna da shi. Wanda ba shi da shi sai ya jefa kowane kati, amma katin nan ba zai ci ba komai girmansa, domin babu dangi mai rinjaye a Agram. Kati mafi girma a dangin da aka buɗe da shi ne yake cin zagaye, kuma mai shi ne zai buɗe na gaba. Haka za a yi ta yi har zagaye shida.

Wanda ya ci zagaye na shida shi ya ci wasa. Zagaye biyar na farko ba su da maki ko ɗaya. Mutum yana iya kwashe su duka ya tashi a tutar babu, wani kuma ya yi shiru har ƙarshe ya ɗauke nasara da kati ɗaya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

4.3 Misali

Duk da cewa zagayen farko ba su da maki, a cikinsu ake shirya na ƙarshe. Wanda ya ci zagaye na biyar shi zai buɗe na shida, kuma idan ya buɗe da dangin da ya ƙare a hannun kowa, ya ci ko da da 3 ne.

A ɗauka mutum biyu ne suke wasa, kuma an zo zagaye na biyar. Na farko, wanda buɗewa take hannunsa, yana riƙe da 10 na mashi da 4 na fure. Na biyu yana riƙe da 7 na fure da A na zuciya. Idan na farko ya buɗe da 4 na fure, dole na biyu ya bi da 7, ya ci zagayen, sannan ya buɗe na ƙarshe da A na zuciya. Na farko ba shi da zuciya, saboda haka 10 ɗinsa ya tashi a banza. Idan kuwa ya buɗe da 10 na mashi, sai ya jefa abokin karawarsa cikin zaɓi mai wuya, domin ba shi da mashi, kuma dole ya rabu da ɗaya daga katunansa biyu. Sabon shiga zai jefar da 7 ya riƙe A saboda girmansa, sai na farko ya ci wasa da 4 na fure. Gwani kuwa zai tuna abin da ya faru a baya. Idan na farko ya taɓa kasa bin zuciya a wani zagaye, to tabbas ba zai buɗe da ita ba, don haka A ɗin nan ba shi da sauran amfani. Sai ya jefar da A ya riƙe 7, ya ci zagayen ƙarshe da shi.

Darasin da yake cikin wannan misali shi ne, darajar kati a ƙarshen wasa tana bin dangin da za a buɗe da shi ne, kuma kowane kati da abokin karawa ya kasa bi labari ne da ya kamata a adana.

4.4 'Yan Uwan Agram

Agram yana da 'yan uwa a yankin. A Kamaru akwai Fapfap, a Gana kuma akwai Spar. Shi Spar ana buga shi da katuna 35, daga A zuwa 6, ban da A na mashi, kuma kowa yana karɓar biyar. Abin lura a cikinsa shi ne yadda ake ba da maki. Cin zagayen ƙarshe da kati na yau da kullum maki 1 ne, cin sa da 7 maki 2 ne, cin sa da 6, wanda shi ne mafi ƙanƙanta, maki 3 ne. Ke nan an fi yaba wa wanda ya ci da ƙaramin kati. Wannan tunani shi ne ginshiƙin wasan Ulti.

5.0 Ulti

5.1 Kartar Hungariya

Ulti wasan mutum uku ne, kuma ya samo asali daga wasan Mariáš na ƙasar Cek. Sunansa ya fito daga kalmar *ultimo*, wato "na ƙarshe". Ana buga shi da karta ta musamman mai katuna 32, wadda József Schneider ya zana a birnin Pest a wajejen shekarar 1835. Dangoginta huɗu su ne *piros* (ja, mai alamar zuciya), *zöld* (kore, mai alamar ganye), *tök* (kabewa, ko da yake alamar 'yar ƙararrawa ce) da *makk* (ƙwayar wata itaciya ta dazukan Turai). A nan za a kira su zuciya, ganye, kabewa da ƙwaya.

Kowane dangi yana da katuna takwas: As, Sarki, Babban Bafade (*felső*), Ƙaramin Bafade (*alsó*), 10, 9, 8 da 7. Katunan As huɗu suna ɗauke da hotunan yanayin shekara huɗu na Turai. Fadawan kuwa taurarin wasan kwaikwayon *Wilhelm Tell* ne, wanda marubucin Jamus Friedrich Schiller ya kammala a shekarar 1804, game da wani maharbin Suwizalan da ya bijire wa wakilin sarakunan Habsburg. A lokacin da aka zana kartar Hungariya tana ƙarƙashin mulkin wannan gida, kuma a shekarar 1848 ta yi masa tawaye. Shi ya sa ake danganta waɗannan hotuna da kishin ƙasa. Tell kansa shi ne Babban Bafaden ƙwaya.

5.2 Daraja da Maki

Idan akwai dangi mai rinjaye, darajar katuna ita ce As, 10, Sarki, Babban Bafade, Ƙaramin Bafade, 9, 8, 7. Idan babu, sai 10 ya sauko ya zauna tsakanin Ƙaramin Bafade da 9.

Kowane As da kowane 10 yana da maki 10, wato 80 ke nan gaba ɗaya. Zagayen ƙarshe ma yana da 10, jimilla 90. Ban da wannan, wanda yake riƙe da Sarki da Babban Bafade na dangi ɗaya yana iya bayyana su a zagayen farko ya samu maki 20, ko 40 idan na dangi mai rinjaye ne.

5.3 Rabo da Tayi

Rabo da bugu duk ta hannun dama suke zagayawa. Kowa yana karɓar katuna 10, ban da na daman mai rabo wanda yake karɓar 12. Shi ne zai zaɓi biyu ya kife su a matsayin ajiya, sannan ya yi tayin farko. Daga nan duk wanda layi ya zo kansa yana da zaɓi: ko ya wuce, ko ya ɗauki ajiyar ya haɗa da katunansa, ya kife wasu biyu, ya yi tayin da ya fi na baya. Wanda ya ɗauki ajiya ba shi da damar janyewa, dole ya ƙara. Wanda ya wuce a karon farko yana iya dawowa idan layi ya sake zagayowa. Ciniki yana faɗawa ne idan dukkan ukun sun wuce a jere.

Mai tayin ƙarshe shi ne mai alkawari, kuma shi kaɗai zai kara da sauran biyun, waɗanda suke zama abokan juna a wannan rabo kawai. Duk makin da yake cikin ajiyar ƙarshe nasu ne. Wani abin lura shi ne, ba a faɗin sunan dangi mai rinjaye a lokacin tayi sai idan zuciya ce, domin ita tana ninka ladan kowane alkawari. Sauran dangogi sai bayan an gama tayi ake bayyana su.

5.4 Manyan Alkawura

- Parti: mai alkawari ya tara maki fiye da na abokan hamayyarsa a haɗe. Ladansa 1.
- 40-100: yana da Sarki da Babban Bafade na dangi mai rinjaye, kuma zai kai maki 100, wato zai ci aƙalla 60 daga cikin 90. Ladansa 4.
- 20-100: ma'auratan nasa na wani dangi ne daban, don haka sai ya ci aƙalla 80 daga cikin 90. Ladansa 8.
- Ulti: zai ci zagayen ƙarshe da 7 na dangi mai rinjaye. Ladansa 4, kuma yana tafe da *parti*, wato 4 da 1.
- Betli: babu dangi mai rinjaye, kuma ba zai ci ko zagaye ɗaya ba. Ladansa 5.
- Durchmars: zai ci dukkan zagaye goma. Ladansa 6.

Ana iya haɗa wasu alkawura a tayi ɗaya, misali *ulti* da 40-100, kuma kowanne ana lissafa shi daban. Akwai kuma nau'in *betli* da *durchmars* da ake baje katuna a fili bayan zagayen farko, waɗanda ladansu ya fi yawa. Adadin ladan yakan ɗan bambanta daga majalisa zuwa majalisa, shi ya sa ake daidaitawa kafin a fara.

5.5 Dokokin Bugu

Mai alkawari ne yake buɗe zagayen farko. Dokoki uku suke ɗaure kowa. Na ɗaya, dole a bi dangin da aka buɗe da shi. Na biyu, wanda ba shi da dangin dole ya jefa kati daga dangi mai rinjaye idan yana da shi. Na uku, dole a doke katin da yake kan gaba a zagayen matuƙar da hali. Sai wanda ba shi da dangin da aka buɗe kuma ba shi da mai rinjaye ne yake da 'yancin jefa abin da ya so. Wanda ya yi alkawarin *ulti* kuma ba zai saki 7 ɗinsa kafin zagaye na goma ba, sai idan doka ta tilasta masa.

5.6 Misali

A ɗauka mai alkawari ya taya *ulti*, ya zaɓi ƙwaya a matsayin dangi mai rinjaye, yana riƙe da As da 10 da Sarki da 9 da 7 na ƙwaya, tare da wasu katuna biyar na sauran dangogi. Ƙwaya uku suka rage a waje: Babban Bafade da Ƙaramin Bafade da 8. Kowanne daga cikinsu yana iya doke 7, don haka aikinsa na farko shi ne ya zaƙulo su. Idan sun rabu biyu da ɗaya tsakanin abokan hamayya, buɗewa da As sannan da 10 ta isa ta ƙarar da su, ya rage da Sarki da 9 da 7. Idan duka ukun suna hannun mutum ɗaya, sai ya ƙara da Sarki, ya rage da 9 da 7 kawai.

Daga wannan lokaci babu katin da zai doke 7 a zagayen ƙarshe. Haɗarin da ya rage shi ne a tilasta masa fitar da shi da wuri. A ce ba shi da kabewa ko ɗaya. Duk lokacin da buɗewa ta koma hannun abokan hamayya suka buɗe da kabewa, doka ta biyu za ta tilasta masa jefa ƙwaya. Idan 9 da 7 ne suka rage masa, karo na farko zai cinye 9, karo na biyu ya fizgo 7 kafin lokacinsa, alkawari ya rushe. Saboda haka zaɓen katuna biyun da za a kife a ajiya yana da muhimmanci. A wasan tara maki, ƙarar da dangi ɗaya daga hannu riba ce, domin yana ba mutum damar kwashe As da 10 na wasu. A *ulti* kuwa wannan giɓi shi ne ƙofar da abokan hamayya za su bi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

5.7 Ninki da Lissafi

Abokin hamayyar da yake ganin alkawari ba zai cika ba yana iya cewa *kontra* a zagayen farko, wanda yake ninka ladan. Mai alkawari yana iya mayar da martani da *rekontra*, ya sake ninkawa. Matakan suna ci gaba, kuma na ƙolinsu ana kiran sa *Fedák Sári*, sunan wata shahararriyar 'yar wasan kwaikwayo ta Hungariya da ta rasu a shekarar 1955.

Mai alkawari yana karɓar lada daga kowane ɗaya daga cikin abokan hamayyarsa biyu, ko ya biya kowannensu. A misalin da ya gabata, idan ya cika *ulti* da *parti* zai karɓi 5 daga kowanne, jimilla 10. Idan *ulti* ya rushe, tararsa ninki ce, wato 8. Ko da ya ci *parti*, sai a cire 1, ya biya kowanne 7. Akwai kuma *ulti* na shiru, inda mutum yake cin zagayen ƙarshe da 7 na dangi mai rinjaye ba tare da ya taya ba, ya samu rabin ladan. Duk wannan lissafi ana iya yin sa a takarda da alƙalami.

6.0 Kwatanci

Wasannin biyu sun yi tarayya a kan ɗaukaka zagayen ƙarshe da kuma ba ƙaramin kati damar kayar da babba. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido, ko 4 na fure ne a Agram, ko 6 a Spar, ko 7 a Ulti. Amma sun sha bamban ta fuskoki uku.

Fuska ta farko ita ce sani. A Agram na mutum biyu, katuna 12 kawai ake rabawa daga cikin 35, sauran 23 suna kife. Idan mutum huɗu ne 11 suke kife, idan biyar ne 5. Ke nan ɗan wasa ba zai tabbatar ko babban katin da bai gani ba yana hannun wani ko yana kife ba, kuma yawan 'yan wasa yana rage wannan duhu. A Ulti kuwa katuna 30 daga cikin 32 suna cikin wasa, kuma sau da yawa mai alkawari ya san biyun da suka rage domin shi ya kife su. Wannan ya sa lissafi ya fi tasiri a Ulti, karanta halin abokin karawa kuma ya fi tasiri a Agram.

Fuska ta biyu ita ce 'yanci. Ɗan wasan Agram dokar bin dangi kaɗai take kansa, yana iya ɓoye babban katinsa ya jefa ƙarami. Ɗan wasan Ulti dokoki uku suke ɗaure shi, kuma gwaninta a nan ita ce amfani da waɗannan dokoki wajen tilasta wa wani ya saki abin da yake tattali.

Fuska ta uku ita ce zamantakewa. A Agram kowa tasa ta fisshe shi. A Ulti ƙawance yana sauyawa a kowane rabo, abokin gaba na yanzu shi ne abokin tafiya na anjima, kuma mutum yana furta alkawari a gaban jama'a sannan a auna shi da abin da ya faɗa. Tarar da ake ninkawa a kan *ulti* da ya rushe tana tuna wa ɗan wasa cewa alkawari kaya ne.

7.0 Kammalawa

Bayanin da ya gabata ya nuna cewa Hausa tana da isassun kalmomin da za su ɗauki ƙa'idojin wasa mai sarƙaƙiya irin Ulti. Kalmomin kasuwa kamar tayi da ciniki da ajiya, da na zumunta kamar dangi, sun zauna daidai a wuraren da aka sa su. Duk da haka, waɗannan kalmomin aiki ne na rubutu, kuma masu wasa a majalisu suna da nasu sunayen dangogi da salon magana da zaurance da habaici. Aikin da yake gaban manazarta shi ne tattara waɗannan daga bakin masu su, a Maraɗi da Damagaram da Katsina da Birnin Gwari da zangunan Hausawa na Gana, tare da rubuta ƙa'idojin kowane wasa yadda wani zai iya buga shi daga karatu kawai. Irin wannan aiki zai amfani masu ƙamus da masu nazarin kalmomin aro, zai kuma bayyana hanyoyin da wasannin zagayen ƙarshe suka bi suka yaɗu tsakanin Nijar da Gana da Kamaru, yankunan da fataken Hausawa suka daɗe suna ratsawa.